Fadamar Waza da Burtalin Shanunmu

Jama'a, mu da ke zaune a Briketeri sai shanu sun iso kasuwar Etudi muke ganinsu, amma da yawansu ƙibarsu daga arewa take, daga fadamar kogin Logon da Fulani ke kira Yayre. Can makiyayan Kamaru da Najeriya da Nijar suke cin rani.

Yamma da fadamar akwai gandun dajin Waza, murabba'in kilomita 1,700. An keɓe shi a 1934, ya zama gandun ƙasa a 1968. Hanyoyin cikinsa na masu zuwa kallon raƙumin dawa da zaki ne, ba burtali ba ne. Sa ya shiga, ma'aikatan daji suka kama, sai tara.

Da aka gina madatsar Maga a 1979, ambaliya ta ragu, ciyawa ta mutu, kiwo ya yi ƙunci. Sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwa hanya, fadama ta fara farfaɗowa.

To, in mun ba yara kora, mu ja musu kunne: a bi burtali komai nisansa. Wahalar kewaye ta fi asarar garke sauƙi. Allah ya tsare mana dukiya, amin.