Agajin Gwamnati a Ƙasar Waje: Misali Daga Yunwar Rasha ta 1921

Hausa tana da kalmomi da dama na taimako, kowace da gurbinta. Sadaka ita ce abin da a ke bayarwa don Allah, ba a jiran sakamako daga wanda ya karɓa. Gudummawa ita ce ƙarfin da a ke kai wa ɗan'uwa ko aboki cikin wata hidima tasa, mai kai ta kuwa ya san wata rana za a kawo masa. Agaji shi ne hanzarta zuwa ga wanda wuta, ko ruwa, ko yunwa ta rutsa da shi. Idan gwamnati ta ɗebi dukiya daga baitulmali ta aika wa mutanen wata ƙasa da masifa ta auka musu, agaji mu ke kiransa. Amma ɗalibai su kan ji kalmar su ɗauka sadaka a ke nufi, daga nan sai su kasa fahimtar abin da ya sa irin wannan taimako ya ke zuwa da sharuɗɗa, ya kan makara, ya kan kuma yanke ba zato.

Gaskiyar magana ita ce, agajin gwamnati a bisa duwatsu uku ya ke girke, kamar tukunya a murhu: bukatar masu wahala, da amfanin ƙasar da ta bayar, da yardar gwamnatin da a ke kai wa. Abin da ya faru tsakanin Amurka da Rasha daga 1921 zuwa 1923 ya nuna duwatsun nan uku a fili.

Yadda yunwar ta auku

Rasha ta fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ta faɗa yaƙin basasa. A cikin shekarun nan gwamnatin 'yan gurguzu ta Lenin ta riƙa aika ma'aikata ƙauyuka suna kwashe hatsin manoma da ƙarfi don ciyad da soja da mutanen birane. Da manoma suka ga abin da suka noma ba ya zama nasu, sai suka rage shuka, rumbuna kuwa an riga an share su. Amfanin gona bai yi kyau ba a 1920, sa'an nan a 1921 fari mai tsanani ya faɗa wa ƙasashen da ke gefen kogin Volga. Mutane suka cinye iri, suka yanka dabbobi, suka koma cin ciyawa da ɓawon itace. An ƙiyasta waɗanda suka mutu sun kai wajen miliyan 5. Fari ne ya kawo ƙarancin abinci, amma mulki ne ya mai da ƙarancin ya zama halaka.

Cikin watan Yuli na 1921 marubucin nan Maxim Gorky ya yi kira ga duniya a kawo abinci da magani. Wanda ya amsa shi ne Herbert Hoover, Sakataren Ciniki na Amurka, shugaban Hukumar Agaji ta Amurka wadda aka sani da haruffan ARA. An kafa hukumar a 1919 da kuɗin da Majalisar Amurka ta ware don ciyad da Turai bayan yaƙi. Daga baya ta zama mai zaman kanta a bisa takarda, amma shugabanta minista ne, manyan ma'aikatanta da yawa kuma hafsoshin soja ne.

Yardar mai karɓa

A lokacin nan Amurka ba ta ko amince da gwamnatin Lenin ba, ba ta yi haka ba sai 1933. Hoover kuwa sanannen maƙiyin gurguzu ne, yana kuma zaton idan mutanen Rasha suka ƙoshi da abincin Amurka, za su juya wa masu mulkinsu baya. Lenin ya san wannan sarai. Amma wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama.

Aka zauna a Riga, babban birnin Latbiya, aka sa hannu ranar 20 ga Agusta 1921, Walter Lyman Brown a madadin hukumar, Maxim Litvinov a madadin gwamnatin Rasha. An yarda a saki Amurkawan da ke tsare a Rasha. Ma'aikatan hukumar za su yi yawo inda aikinsu ya kai su, su ne kuma za su zaɓi masu taya su rabo. Za a ciyad da mai yunwa ba tare da duban addininsa, ko ƙabilarsa, ko ra'ayinsa na siyasa ba. Gwamnatin Rasha ce za ta ɗauki nauyin dakon kaya daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, da wuraren ajiya. Kowane sharaɗi a cikin waɗannan maganin wani tsoro ne. Amurka tana tsoron abincin ya ƙare a barikin soja, Rasha tana tsoron 'yan leƙen asiri, shi ya sa ta haɗa ma'aikatan hukumar da 'yan sandan ciki suna bin sawunsu har ƙarshen aikin.

Amfanin mai bayarwa

Da fari yara miliyan ɗaya aka yi niyyar ciyarwa, aka kuma buɗe ɗakin dafa abinci na farko a birnin Petrograd cikin Satumba. Da ma'aikata suka isa Volga suka ga abin da idonsu, sai suka tabbata in ba a ciyad da iyaye ba, babu mai noma baɗi. Wannan ya fi ƙarfin kuɗin hukumar, sai Hoover ya nufi Majalisa.

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar nan farashin masara ya faɗi ƙwarai a Amurka, har waɗansu manoma suna hura wuta da ita maimakon gawayi. Hoover bai ɓoye ba, ya gaya wa 'yan Majalisa cewa sayen masarar nan zai taimaki manoman gida kamar yadda zai taimaki masu yunwa. Cikin Disamba 1921 Majalisa ta ware dala miliyan 20 a sayi masara da iri daga gonakin Amurka. Gwamnatin Rasha ita ma aka sa ta fid da zinariya ta kimanin dala miliyan 10 don sayen iri. Wannan ya bayyana abin da ya sa masara aka aika, ko da ya ke yawancin mutanen Volga ba su saba da ita ba, sai da aka buga takardu ana koya musu yadda za su jiƙa ta su dafa.

Wahalar dako

Samun hatsi ya fi kai shi sauƙi. Jiragen ruwa suka sauke kaya a tashoshin tekun Baltik da na Baƙin Teku a farkon 1922, amma yaƙe-yaƙe sun lalata hanyoyin jirgin ƙasa. Taragu cike da masara suka cunkushe a mahaɗar layuka mako da makonni, mutane suna mutuwa a ƙauyuka. Lokaci kuwa yana ƙurewa, gama da zarar ƙanƙara ta narke hanyoyin ƙauye su kan zama taɓo, iri kuma in ya wuce lokacin shuka ba shi da amfani. Sai da shugaban aikin a Rasha, Kanar William Haskell, ya yi barazanar a tsai da aiko da kaya, sa'an nan Felix Dzerzhinsky, mai kula da sufuri, ya sa hanya ta buɗe. Daga tashoshin jirgi aka ƙarasa da dawaki da raƙuma.

Zuwa watan Agusta na 1922 hukumar tana ciyad da mutum miliyan 10 da rabi kowace rana. Amurkawan da ke aikin ba su wuce 300 ba, 'yan Rasha fiye da 120,000 ne suka yi dako da dafuwa da rabo. Wannan lissafi ya isa a lura da shi: baƙo ya kawo hatsi, amma ɗan ƙasa ne ya kai shi baki.

Yadda aikin ya ƙare

Amfanin gona ya yi kyau a 1922. Gwamnatin Rasha, da ya ke tana bukatar kuɗin waje, sai ta fara sayad da hatsi a Turai alhali yunwa ba ta gama sakin waɗansu larduna ba. Daga nan ya yi wuya a ci gaba da roƙon Amurkawa su bayar, aka rufe aikin a tsakiyar 1923. Zaton Hoover bai tabbata ba, gama mulkin gurguzu ƙarfi ya ƙara. Shekara goma bayan haka, a 1932 da 1933, wata yunwa ta sake aukuwa a Yukuren da Kazakistan da gefen Volga. Gwamnatin Stalin ta musanta akwai yunwa, ba ta nemi agaji ba, miliyoyin mutane suka mutu ba wanda ya isa gare su. Dutse ɗaya ya zame, tukunya ta kife.

Abin lura ga malamai

Tsarin nan bai tsaya a Rasha ba. A 1954 Amurka ta yi dokar aika rarar amfanin gonarta ƙasashen waje, a 1961 ta kafa hukumar USAID. A farin 1973 hatsin agaji ya zo Nijar, ƙasar da ba ta da bakin teku, ya sha irin jinkirin da ya sha a Volga, tun da jirgin ƙasa daga Kwatano a Parakou ya ke tsayawa, sauran tafiyar sai a mota. Sojan da suka tuɓe Diori Hamani cikin Afrilu 1974 sun ambaci yadda aka tafiyad da rabon abincin cikin dalilansu. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rushe USAID, ta mai da ragowar aikinta ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, da ta ga amfaninta a cikin aikin ya ragu.

Saboda haka ya kamata malami ya raba wa ɗalibansa agaji da sadaka. Wanda ya ɗauki agajin gwamnati a matsayin sadaka zai yi godiya fiye da kima ran da ya zo, ya yi mamaki ran da ya yanke. Wanda kuma ya ce duk siyasa ce ya manta da mutum miliyan 10 da rabi da suka ci abinci a Agustan 1922. Tambayoyin da suka fi amfani a aji su ne: wa ya biya, me ya samu, wa ya buɗe ƙofa, wa ya yi dako, mutum nawa suka rayu.