Sankarar huhu: gwajin jini ko na tsokar ƙari, wanne ya dace da ku?

Idan an tabbatar muku da sankarar huhu, likita zai so ya san irin sauyin da ya faru a ƙwayoyin gadon ƙarin kafin ya zaɓi magani. A nau'in da ya fi yawa, wanda ya kai kusan kashi 85 cikin 100, sauye-sauye irin su EGFR da ALK suna da magungunan sha na musamman, kamar osimertinib da alectinib. Galibi a cikin ƙarin kaɗai sauyin yake, ba abin da 'ya'yanku za su gada ba ne.

Gwajin tsoka

Ana ɗebo ɗan yankin ƙarin da allura ta ƙirji, ko da siririn bututu mai kyamara ta hanyar numfashi. Wannan ne gwajin da ke tabbatar da cewa sankara ce ba tarin fuka ba, ya kuma nuna nau'inta. Da shi ake auna PD-L1, wanda ke taimaka wa likita wajen yanke shawara kan maganin ƙarfafa garkuwar jiki. Sai dai yana iya jawo zubar jini ko taruwar iska a gefen huhu, wani lokaci kuma abin da aka ɗebo ba ya isa a yi dukkan gwaje-gwajen.

Gwajin jini

Ƙari yana zubar da ɓurɓushin DNA ɗinsa cikin jini, su ake nema a jinin da aka ɗiba a hannu. A 2016 hukumar FDA ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko na EGFR. Ba ya buƙatar tiyata, sakamako yakan fito da wuri, kuma ana iya maimaita shi idan magani ya daina aiki, don a gano ko wani sabon sauyi ya bayyana.

Abin da za ku riƙe

Idan gwajin jini ya gano sauyin da ke da magani, likita na iya fara maganin bisa wannan sakamako. Amma idan bai gano komai ba, kada ku ɗauka babu sauyin. Wasu ƙari, musamman ƙanana da waɗanda ba su yaɗu ba, kaɗan suke zubarwa cikin jini. A nan sai an koma gwajin tsoka, in ba haka ba mara lafiya na iya rasa maganin da zai fi yi masa amfani.

Ku tambayi likitanku: An gwada tsokar ƙarin? Waɗanne sauye-sauye aka duba? Nawa ne kuɗin gwajin, kuma yaushe sakamako zai fito? Idan asibitinku ba ya yi, ku nemi a tura samfurin zuwa inda ake yi.