Ƙwarangwal ɗin Zabo: Tsuntsun da Aka Gina Domin Gudu

Duk wanda ya taɓa korar zabo a gona ya san cewa ba ya saurin tashi sama. Gudu yake fara yi, sai ya ga an matsa masa sannan ya tashi fir, ya sauka nan kusa ko ya haye bishiya. Bayanin wannan hali yana cikin ƙasusuwansa.

Masana suna kiran zabon gida da na daji da suna ɗaya, wato Numida meleagris. Asalinsa Afirka ne, kuma rukuninsu ɗaya da kaza da talo-talo da fakara. Dukkansu tsuntsaye ne masu neman abinci a ƙasa ta hanyar tono.

Ƙarfin zabo a ƙafa yake. Ƙasusuwan bayansa na wajen ƙugu sun haɗe da ƙashin ƙugu sun zama faifai guda mai tauri, wanda ke ɗaukar nauyin jiki a lokacin gudu. Gaɓar da ake gani tana lanƙwashewa ta baya, wadda mutane da yawa ke ɗauka gwiwa ce, idon sawu ce. Ainihin gwiwar tana sama, ɓoye cikin gashi. Ke nan a kan yatsunsa zabo yake tafiya, abin da ke ƙara wa takunsa tsawo.

A ƙirji kuwa akwai ƙashi mai tudu a tsakiya kamar ƙasan kwalekwale, inda tsokar fiffike ke manne. Jimina ba ta da wannan tudu, ba ta kuma tashi. Zabo yana da shi, amma fukafukansa gajeru ne idan aka gwada da nauyinsa, shi ya sa yake tashi da ƙarfi amma ba ya nisa. A gaban ƙirjin akwai wani ƙashi mai reshe biyu kamar gwafa. A jikin zabo mai tukku, ɗan kurmin Afirka, gindin wannan gwafa yana da rami inda maƙogwaro ke naɗewa.

Ɗan ƙahon da ke kan zabo ma ƙashi ne, ya tsiro daga ƙoƙon kai, saɓanin zankon zakara wanda nama ne zalla.

Akwai darasi ga masu kiwo. A lokacin saka, zabuwa takan tara sinadarin kalsiyam a cikin dogayen ƙasusuwanta, daga nan take ɗiba ta ƙarasa gina ɓawon ƙwanta, wanda ya fi na kaza kauri. Idan abincinta ya gaza, ɓawon zai yi laushi, ƙashinta ya raunana. Garin ƙashi ko dakakken ɓawon ƙwai cikin abinci yana maganin haka.

Malamin da ba shi da kayan ɗakin gwaji zai iya dafa zabo guda, ya wanke ƙasusuwan, ya shanya, ɗalibai su jera su kusa da na kaza su kwatanta.