Matsayin Sadarwa a Sha'anin Gudanarwa da Zaman Tare Tsakanin Al'ummu

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa saƙo ba ya isa sai wanda aka aika wa ya fahimce shi, ya amince da bakin da ya kawo shi, kuma ya sami kafar mayar da amsa. Wannan batu yana da nauyi ƙwarai a ƙasa irin Nijeriya, inda ake magana da harsuna fiye da 500, kuma sau da yawa ma'aikata ɗaya takan tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Babarbare a ƙarƙashin shugaba guda.

Harshen Saƙo

A yawancin ma'aikatunmu, umurni yakan fito daga sama ne a rubuce cikin Turanci, alhali kuwa masu aiwatar da shi, watau direbobi da masinjoji da leburori, da wani harshen suke tunani. Kafin umurnin ya kai gare su ya bi ta bakin mutum uku ko huɗu, kowa ya rage ko ya ƙara. Inda kuwa bayani ya yi ƙaranci, jita-jita ce kan cike gurbin. Hukumomin da suka gane haka sun nemi magani. Alal misali, ɗaya daga cikin dalilan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 shi ne kashe ji-ta-ji-tar da ta bazu gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Haka kuma tsarin mulkin 1979, a sashe na 51, ya yarda Majalisar Tarayya ta yi aiki da Hausa da Ibo da Yarabanci bayan Turanci, in an yi tanadin da ya dace. Tsarin mulkin 1999 ya maimaita wannan a sashe na 55.

Amintaccen Baki da Hanyar Komowa

Tsarin sarautarmu na gargajiya ya daɗe da sanin wannan sirri. Umurni kan sauko daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, kuma ta wannan tsani koken talaka yake hawa. Baƙi ma ba a bar su a baya ba. Sarkin Hausawa a Sabo ta Ibadan, da shugabannin ƙabilu a Sabon Garin Kano, su ne kunnen hukuma kuma bakin jama'arsu.

Abin da ya faru game da rigakafin shan-inna ya isa darasi. A 2003 Jihar Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da shirin, saboda zargin cewa maganin yana hana haihuwa. Jami'ai suna da hujjojin kimiyya, amma jama'a ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a Kano a 1996 ba, kuma ba a saurari tsoronsu tun farko ba. Kafin Kano ta koma ga shirin a watan Yuli na 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, yara kuwa sun nakasa. Al'amarin ya gyaru ne bayan da aka jawo malamai da sarakuna, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 bisa jagorancin Sarkin Musulmi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka. Saƙon bai sake ba. Masu isar da shi ne suka sake.

Kammalawa

Bisa ga haka, muna ganin wajibi ne kowace ma'aikata ta ɗauki aikin fassara da tafinta a matsayin sana'a mai horo, a daina ɗora shi a kan duk wanda aka tarar a kusa. Har ila yau ya kamata shugaba ya ware lokacin sauraren na ƙasa da shi cikin harshen da suka fi sakewa, tun kafin a zartar da hukunci. Jami'o'inmu kuma su ci gaba da samar da kalmomin gudanarwa cikin harsunan gida, domin shugaban da ba ya jin mabiyansa ba zai daɗe suna jin sa ba.