Kujerun Gaba a Jiragen Maleshiya

Ɗan kasuwan da ya sari yadi a titin Jalan Masjid India na Kuala Lumpur, in zai kai kayansa Kota Kinabalu a tsibirin Borneo, sai ya ƙetare teku a jirgin sama, tafiyar kimanin sa'a 2 da rabi. Kamfanonin Malaysia Airlines da Batik Air suna da sashen manya a jiragensu ƙirar Boeing 737: kujeru 4 a jere maimakon 6, ga abinci, ga ƙarin nauyin kaya. AirAsia kuwa sashe ɗaya ke gare shi, amma ana ƙara kuɗi don kujerun gaba. Mai kaya da yawa yakan lissafa kuɗin awo kafin ya zaɓa, domin nan ribarsa take.