Kaza ɗaya, dare uku: Lissafin tukunya a gidajen Abakwa

A gidan Bahaushe da can ba a yanka kaza haka siddan. Sai baƙo ya sauka, ko mai jego tana buƙatar farfesu, ko ango zai shiga ɗakin amarya, ko kuma ranar Sallah. Yaro idan ya ga an ɗora ruwan zafi ana wasa wuƙa, ya san yau akwai labari a gidan.

Zaman birni ya sauya wannan. A Abakwa, unguwar nan ta Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa da ake rubutawa Abakpa a takardun hukuma, mai maƙwabtaka da Unguwar Shanu da tsohuwar harabar makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, mata da yawa suna fita aiki ko kasuwa. Uwargida ta dawo bayan La'asar a gajiye, yara sun taso daga Islamiyya da yunwa, abin da ake nema shi ne abincin da zai sauka kafin Isha'i. Kaza ta samu shiga ne ta wannan ƙofar, domin ta fi naman sa saurin nuna, kuma da wuya a samu yaron da zai ture ta.

Matsalar ita ce kuɗinta. Masu kiwo sukan ce abinci kaɗai yana cinye kusan kashi 70 cikin 100 na abin da suke kashewa a kan kaza, abincin nan kuwa masara ne da waken soya. Duk ranar da buhun masara ya tashi, kaza ta bi shi. Ga kuɗin sufuri da ya haura tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ga iskar gas da ake aunawa kilo-kilo kamar magani. Don haka mai sayen kaza a yau yana da tambaya biyu a gabansa: dare nawa za ta kai, kuma wuta nawa za ta ci kafin ta nuna?

Wace kaza aka sayo?

Yawancin ɓacin ran da ake samu a kicin daga kasuwa yake farawa, kuma sau da yawa maigida ne ya yi cefanen. Ya ga kaza ƙatuwa ya saya, bai tambayi abin da za a dafa ba.

Kajin da ake samu a kasuwar Kawo, wadda aka sani da cin ranar Talata, ko kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko wajen masu keji a bakin titin unguwa, ba halinsu ɗaya ba a tukunya.

Akwai buroila, farar kazar gidan gona da ake yankawa tana da mako shida zuwa takwas. Tsoka gare ta, ga laushi, yankakkiya takan nuna cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Ita ce kazar mai sauri. Amma romonta salam yake, kuma idan aka bar ta tana tafasa a miya sai ta dagargaje, a nemi nama a rasa. Kaduna ba ta rasa irin wannan kaza, musamman tun watan Satumbar 2017 da Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe masana'antar abincin kaji da wurin ƙyanƙyasar 'yan tsaki na kamfanin Olam a Ƙaramar Hukumar Chikun, kan hanyar Abuja.

Akwai tsohuwar mai ƙwai, wadda 'yan kasuwa ke kira ol-leya. Ta yi sama da shekara tana saka ƙwai, mai gona ya sallame ta. Namanta da tauri, takan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya a wuta, amma tana riƙe jikinta a miya, ana ɗumamawa yau da gobe ba ta watse ba. Irin kajin Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya, ta samar, na wannan layin ne na masu ƙwai.

Sai kazar Hausa, mai yawon tsakar gida. Ba ta da auki, ta fi kowa tsada idan aka duba girmanta, kuma ba ta san gaggawa ba. To amma romonta babu na biyunsa, shi ya sa ba a yi wa mai jego farfesu da wata idan akwai ta. A tsakanin waɗannan akwai Noiler, wadda wani kamfanin ƙyanƙyasa a Jihar Oyo ya samar, ta fi kazar Hausa nama, ta fi buroila ƙarfin jiki.

A ganina, gidan da ke dafa abinci da gas kuma ake son a gama da wuri, buroila ce tasu a ranakun aiki. Gidan da ke da murhun gawayi ko tukunyar nan mai matse tururi da ake kira firesha, su ɗauki ol-leya, sun fi cin riba. Dafa kazar Hausa a kan gas a daren Talata kuwa, hukunta aljihu ne kawai.

Daskararrun kajin da ake shigowa da su daga waje, a tuna cewa an fi shekara 20 da haramta shigo da su Najeriya. Wadda aka gani a kasuwa ta ɓarauniyar hanya ta biyo, babu mai iya faɗa miki sau nawa ta narke ta sake daskarewa kafin ta iso.

Rabon farko tun tana ɗanya

Dabarar da ke sa kaza ɗaya ta kai dare uku a gidan mutum biyar ko shida ita ce a raba ta kashi uku tun kafin ta ga wuta. Idan mai figewa ne zai yanka, a gaya masa yadda ake so, kada ya daddatsa ta yadda ya ga dama.

Kashi na farko: wuya, fukafukai, ƙashin baya, ƙafafu, hanta da ƙundu. Na biyu: cinyoyin nan biyu, kowace a raba sama da ƙasa, idan babba ce a ƙara raba ta saman, a samu yanka shida. Na uku: ƙirjin, a bar shi manya-manya.

Uwargida, ki zuba duka a tukunya ɗaya da albasa, citta, tafarnuwa, gishiri da ɗanɗano. Kada ki zuba ruwa tukuna. Ki rufe, ki rage wuta, ki bar ta ta fitar da ruwan jikinta kamar minti 10. A nan ne kayan ƙamshi ke ratsa naman. Bayan haka ki ƙara ruwa ya sha kanta. Ƙirjin zai riga nuna, ki tsame shi, sannan cinyoyin. Abin da ya rage a tukunya shi ne abincin daren yau, sai ki ɗebi romo kamar ludayi huɗu ki ajiye saboda gobe.

Citta dai 'yar gida ce a jihar nan, daga Kachia da Jaba da Kagarko take zuwa, duk da cewa cutar da ta faɗa wa gonakinta a daminar 2023 ta sa ta yi tsada sosai. Busasshiya dakakkiya rabin ƙaramin cokali ta wadatar idan ɗanya ta gagara.

Daren farko: farfesu da dankali

Masu ƙashi da kayan ciki su ne ba sa jure ajiya, su kuma ne ke ba da romo, don haka da su ake farawa. A jajjaga attaruhu biyu da tattasai ɗaya da albasa, a zuba. A daka masoro da kimba kaɗan da kanumfari ƙwaya uku ko huɗu da gyaɗar miya. Kimba a yi hankali da ita, idan ta yi yawa ɗaci take kawowa. Mai son daddawa ya sa, tana tafiya da farfesun kaza fiye da yadda wasu ke zato.

Sai a fere dankalin Turawa na Jos, a yanka manya, a zuba a cikin romon. Minti 15 ya nuna, ya ɗan kaɗe romon ya yi kauri. Idan doya ce a gidan, ita ma ta yi. A yanka ganyen albasa ko ɗoɗɗoya a watsa a sauke. Wanda bai ƙoshi ba ya haɗa da burodi ko gurasa.

Abincin nan ba ya cin mai ko cokali ɗaya, kuma tukunya ɗaya ce za a wanke.

Dare na biyu: cinyoyi

Nan uwargida ke da zaɓi. Mafi sauƙi shi ne dafa-duka. A soya cinyoyin sama-sama a mai kaɗan har su yi ja, a tsame. A cikin man nan a soya albasa da markaɗaɗɗen tumatir da tattasai har ruwan ya ƙone, mai ya taso. A juye romon jiya, a ƙara ruwa, idan ya tafasa a zuba shinkafa gwangwani uku ko huɗu. Idan ta kusa tsotsewa a jera cinyoyin a sama, a rufe, a rage wuta, tururin ya ƙarasa aikin. Romon nan shi ne bambancin shinkafar da yara za su nemi ƙari da wadda za su yi ta juya cokali a ciki.

Gidan da ba a kwana sai da tuwo, miyar gyaɗa ce amsarsu. A dama markaɗaɗɗiyar gyaɗa a romon, a sa kayan miya da daddawa, a bar ta ta yi kauri a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa don kada ta kama, a sa alayyahu a ƙarshe. Ol-leya ta fi dacewa a nan. Idan buroila ce, sai miya ta kusa sauka za a saka ta.

Dare na uku: ƙirjin da babu mai so

Ƙirjin kaza shi ne naman da ya fi yawa, shi ne kuma wanda ake bari a kwano saboda bushewa. Magabata sun daɗe da gano maganinsa, wato dambu.

A sa dafaffen ƙirjin a turmi a daka shi sama-sama, ko a yayyage da hannu, har ya zama zare-zare. A haɗa da dakakkiyar citta, barkono, albasa da aka jajjaga aka matse ruwanta, da ɗanɗano. A zuba man gyaɗa kaɗan a kasko, a soya a wuta marar ƙarfi ana juyawa ba tsayawa, har ya bushe ya yi launin zuma. Aikin minti 20 ne zuwa 30, kuma hannu yana gajiya, wannan gaskiya ce.

Ribar ita ce auki. Ƙirjin da mutum biyu za su cinye a zama ɗaya, idan ya zama dambu sai ya isa a barbaɗa wa mutum shida a kan shinkafa da wake, ko taliya da manja, ko a cusa a burodi da albasa da tumatir. Ragowar ta bi yara makaranta da safe.

Idan babu wuta fa?

Duk wannan lissafin ya rataya ne a kan firji, firji kuma ya rataya a kan wutar da babu mai rantsuwa a kanta. A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan, domin kazar da ta juya tana iya kai gida guda asibiti.

Ƙa'idar masana tsaftar abinci ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa biyu a waje ba a sanyaya shi ba, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. A watannin Maris da Afrilu Kaduna takan wuce haka da rana. Romo shi ke fara lalacewa, kuma ba kullum wari ke tona shi ba.

Saboda haka idan babu tabbacin sanyi, a juya tsarin. A yi dambun tun ranar farko, a soya shi ya bushe ƙayau, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe a mazubi busasshe, domin danshi ne maƙiyinsa. Romo da cinyoyi a cinye su a daren, a haƙura da dare biyu maimakon uku. Ko kuma a yi abin da maƙwabta a gidajen haya suka saba: gida biyu su haɗa kuɗi su sayi babba ɗaya, mai figewa ya tsaga ta biyu.

Wajen wanki ma akwai gyara. Kazar da aka fige a kasuwa dole a wanke ta, amma a cikin roba, a hankali, ba a ƙarƙashin famfo ruwa na fallatsa kan kwanuka da kayan salak ba. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa kabeji ko tumatir. Naman kuma ya nuna har ƙashi. Idan aka soka cinya ruwan ya fito da ja-ja, a mayar da ita wuta.

Kaza mai gyangyaɗi a keji, ko wadda aka karya farashinta ba dalili, a wuce ta. A wata gona a Jaji, nan Ƙaramar Hukumar Igabi, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006, kuma cutar ba ta daina leƙowa lokaci-lokaci ba.

Wa zai ci cinya?

A gidaje da yawa har gobe rabon kaza yana da doka. Ƙundu na maigida ne, kuma akwai gidajen da ɓatansa kan jawo magana mai tsawo. Cinya da tsoka su bi kwanonsa, yara su samu ƙafa da wuya da fiffike, uwargida da ta sha hayaƙin ta ƙare da ƙashin baya, wani lokacin ma da romo kawai. Wasu za su ce a bar kaza cikin gashinta. Amma yaro mai shekara huɗu da mace mai shayarwa sun fi ƙaton magidanci buƙatar tsokar nan, kowace ma'aikaciyar jinya a asibitin sha-ka-tafi za ta faɗi haka.

Rabon dare uku yana rage wannan rigimar ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba. A daren farfesu kowa ƙashi yake tsotsa, har maigida, ga kuma ƙundunsa an sa masa. A daren cinyoyi yanka shida ne, kowa ɗaya. Dambu kuwa da cokali ake rabawa, cokali biyu-biyu, kuma uwargida ce ke riƙe da cokalin.