Daga lambun rake zuwa manhajar waya: Abin da fasaha za ta iya yi wa matasan Kurni

A duk lokacin rani, ƙauyukan ƙaramar hukumar Kurni da ke gundumar Kance a jihar Damagaram kan rage cika. Wasu matasan su tsallaka iyaka zuwa Daura da Kano, wasu su nufi arewa ta Agadas zuwa Aljeriya da Libiya. Yankin na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a Nijar, gonaki sai ƙara tsukewa suke yi yayin da ake raba gado.

Wannan hijira ta taɓa jefa yankin cikin babban makoki. A watan Oktoban 2013 aka gano gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu 'yan gundumar Kance ne.

Tambayar da ke gaban hukumomi da matasan kansu ita ce, wace sana'a ce za ta riƙe mutum a gida? Cikin amsoshin da ake bayarwa akwai ƙirƙirar manhajoji, kuma Nijar na da misalan da ke nuna maganar ba tatsuniya ba ce.

Waya da farashin hatsi

Tun kafin manhajoji su yawaita, wayar salula kanta ta taɓa kasuwannin ƙasar. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi diddigin farashin hatsi daga 2001 zuwa 2006, shekarun da layukan waya ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da ta wallafa a 2010 ya nuna tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Dalili kuwa a fili yake. Ɗan kasuwar da a da sai ya biya kuɗin mota ya je ya ga yadda ake sayar da gero a wani gari, yanzu kira ɗaya ya wadatar. Sai ya kai kaya inda ake buƙata, farashi ya daidaita. Aikin manhaja shi ne ta ɗauki irin wannan bayani ta isar ga dubban mutane a lokaci guda, har da manomin da ba shi da wakili a kasuwar Matamai.

Ban ruwa ta waya

Misalin da ya fi dacewa da Kurni shi ne na Abdou Maman Kané, ɗan Nijar da ya kafa kamfanin Tech-Innov. Ya haɗa wata na'ura mai suna Télé-Irrigation, wadda ke bai wa mai lambu damar kunna injin ban ruwa ko kashe shi ta wayarsa, ko da yana nesa, kuma injin na iya aiki da hasken rana. Ƙirƙirar ta samu babbar lambar yabo ta Sarki Hassan na Biyu kan harkar ruwa a 2015, a taron duniya da aka yi a Daegu ta Koriya ta Kudu.

Yankin Matamai ya yi suna wajen noman rake da rogo da kayan lambu a fadamun Korama, inda ruwa ba ya da nisa a ƙasa. A nan ban ruwa ne ke cinye wa manomi yini da kuɗin fetur. Duk na'urar da za ta rage masa waɗannan biyun, riba ce kai tsaye. Bayan haka kuma ana buƙatar masu girkawa da masu gyara, aikin da matasan gari za su iya koya.

Kuɗin 'yan ci-rani

Ga 'yan ci-rani, babbar damuwa ita ce yadda kuɗi zai isa gida lafiya. Kamfanoni irin su Nita da Amana da Al Izza sun baza rassa a faɗin ƙasar, wasunsu kuma sun fito da manhajojin waya. Kenya ta nuna inda wannan hanya ke iya kaiwa: M-Pesa ta fara aiki a 2007, kuma wani bincike da mujallar Science ta buga a 2016 ya ƙiyasta cewa ta fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci, musamman waɗanda mata ke riƙe da su.

A maƙwabciya Najeriya kuwa, kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda matasa biyu suka kafa, kan sama da dala miliyan 200 a 2020. Jarin farko na irin wannan sana'a kwamfuta ce da intanet da ilimi, ba tashar jiragen ruwa ba, abin da ke da muhimmanci ga ƙasar da ba ta da teku.

Sauran aiki

Sai dai hanyar na da gargada. Wutar lantarki ba ta kai ga mafi yawan ƙauyukan Nijar ba, kuma yanke wutar da Najeriya ta yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna yadda ƙasar ta dogara da maƙwabciyarta. Galibin manya ba sa karatun boko, don haka manhajar da aka rubuta da Faransanci zalla ba za ta yi wa mai rake a Kurni amfani ba. Wadda ke magana da murya, cikin Hausa, kuma take aiki a ƙaramar waya, ita ce za ta samu kasuwa.

Cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni tana Yamai ne, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Mafi kusa da matasan Kurni ita ce Jami'ar André Salifou da ke birnin Damagaram. Idan ɗalibanta suka riƙa gwada manhajojinsu a lambunan Kance da kasuwar Matamai, 'yan yankin da ke ƙetare kuma suka zuba wani ɓangare na abin da suke aikowa a wannan fanni, za a samu matasan da za su ci abincinsu a gida ba tare da sun hau motar Agadas ba.